Yadda za ka kama aikin mataimakin lauya da ƙafar dama

Ranar da na fara aiki a ofishin lauyoyi, fayil goma sha ɗaya aka jibge mini a kan tebur, aka ce in san su. Ba wanda ya tsaya ya faɗa mini abin da sanin fayil yake nufi. Na wuni ina karanta su kamar mai karanta labari, in tausaya wa wannan, in ji haushin wancan. Can da yamma lauyar da nake ƙarƙashinta ta leƙo ta yi mini tambaya ɗaya tak: "A cikinsu wanne ne wa'adinsa ya fi kusa?" Na yi tsuru-tsuru. Na san wanda ya cuci wani a kowane fayil, amma ban san cewa a ɗaya daga ciki saura kwana huɗu a rufe mana ƙofar shigar da amsa ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera, ta ɗauki jan biro, ta nuna mini inda ake fara dubawa.

Abin da ta koya mini a wannan yammacin, da abin da shekaru suka ƙara mini, shi nake so in shimfiɗa wa mai shirin shiga wannan sana'a. Mataimakin lauya mutum ne da ya san hanyoyin shari'a, yana kuma yin aikin shari'a na gaske, sai dai shi ba lauya ba ne, a ƙarƙashin kulawar lauya ko wata cibiyar agajin shari'a yake aiki. Jarinsa kaf shi ne a yarda da abin da ya fito daga hannunsa. In ya ce zaman kotu ranar Talata ne, to Talatar ce. In ya ce rasit ɗin yana shafi na 46, a buɗe a tarar da shi a can.

Da farko, ka san inda gonarka ta tsaya

Kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, nemi dokar ƙasar da kake aiki ka karanta abin da ta halatta wa irinka, domin aikin ba kamarsa ɗaya a ko'ina ba. A Amurka, inda sana'ar ta fara tsayawa da ƙafarta a shekarun 1960 har ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta amince da ita a 1968, mataimaki yana aiki ne a bayan lauya, lauyan kuma shi ke ɗaukar alhakin abin da ya yi. A lardin Ontariyo na Kanada, tun 2007 aka kafa tsarin ba mataimakan lauyoyi lasisi, suna iya tsaya wa mutum a kotun ƙananan ƙararraki. A Afirka kuwa aikin ya biyo wata hanya daban: ofisoshin ba da shawara na ƙungiyar Black Sash sun taimaki baƙaƙen fata da dokokin takardar izinin zirga-zirga suka ƙuntata wa a zamanin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, a Malawi an fara tura irin waɗannan ma'aikata gidajen yari a 2000, sannan dokokin agajin shari'a na Najeriya a 2011, Saliyo a 2012 da Kenya a 2016 duk sun san da zamansu. Mai aiki a cikin al'umma a ƙarƙashin irin wannan tsari yakan sami damar wayar da kai da sasanta mutane fiye da wanda ke zaune a ofishin lauya mai zaman kansa.

Duk da wannan bambanci, in doka ba ta ba ka izini ƙarara ba, ka ɗauka abubuwan nan sun fi ƙarfinka: tsayawa gaban alƙali da sunan wani, sa hannu a takardar kotu a madadin lauya, karɓar shari'a da yanke kuɗin aiki, da ba da shawarar shari'a. Na ƙarshen nan shi ke kayar da sababbi, don tsakanin bayani da shawara tazarar ba ta fi taku ɗaya ba. "Kotu ta sa ranar 12 ga wata, ana so ku zo da takardun gidan na asali," wannan bayani ne. "Kada ku karɓi sulhun nan, za ku ci shari'ar," wannan shawara ce, kuma ba taka ba ce, ko da kana da yaƙinin gaskiyarka.

Jarrabawar takan zo ne da fuskar tausayi. Dattijo zai zauna a gabanka, ya ga rigarka da tarin takardu, ya ce, "Barista, kai dai faɗa mini tsakani da Allah, in sa hannu ko kada in sa?" Kiran yana da daɗi a kunne, ga shi kana ganin ka san amsar. Gyara masa nan take, cikin ladabi: "Baba, ni ba lauya ba ne, mataimakinsa ne. Tambayar nan taku na rubuta ta yadda kuka faɗe ta, yau zan kai masa, gobe kafin azahar za ku ji daga gare mu." Sai ka cika wannan alkawarin. Mutum yana yafe maka rashin amsa nan take, abin da ba ya yafewa shi ne shirun da ya biyo baya.

Makonnin farko: kunne da littafi

Sayi littafin rubutu ka riƙa yawo da shi. Duk lokacin da aka kira ka, kada ka je hannu rabbana. Lauya mai gaggawa zai ba ka umarni huɗu yana tsaye yana neman makullin mota, in ba ka rubuta ba biyu za ka tuna. Kafin ya fita ka tabbatar ka san me ake so, yaushe ake so, da kuma a wace siffa: wasiƙa, taƙaitaccen bayani, ko kuwa a baki kawai. In ayyuka biyu suka ci karo, ba kai za ka zaɓi wanda ya fi muhimmanci ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, an ba ni wannan da wannan duk na yau, da wanne zan fara?"

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da ladabinta. Tara tambayoyinka ka kai su gaba ɗaya maimakon ka riƙa leƙa ofishinsa kowane minti goma, kuma ka nuna ka gwada da kanka: "Na duba dokokin kotun da tsohon fayil ɗin da ya yi kama da wannan, ga abin da na fahimta, haka ne?" Sakatariyar da ta shekara ashirin a wurin da masinjan da ke kai takardu kotu, ka riƙe su da mutunci. Abin da suka sani na yadda aiki ke gudana babu shi a littafin makaranta.

Wa'adi

Nan zan daɗe, don a nan ake hallaka shari'a ba tare da an ko saurari mai gaskiya ba.

Wa'adi iri biyu ne. Akwai wanda doka ta yanka na tsawon lokacin da mutum ke da shi ya kai ƙara tun daga ranar da abin ya faru. A Ingila, alal misali, dokar 1980 ta ba da shekara 6 ga rikicin yarjejeniya, shekara 3 ga wanda aka ji wa rauni, shekara 1 kacal ga ɓata suna. Akwai kuma ƙananan wa'adodi na cikin shari'a bayan an fara: na amsa sammaci, na miƙa hujjoji, na ɗaukaka ƙara. Kowace ƙasa, wani lokaci ma kowace kotu, da nata lissafin. Saboda haka aikinka na farko shi ne mallakar dokokin tafiyar da shari'a na kotunan da ofishinku ke zuwa, bugu na yanzu, ka karanta sashen da ya yi bayanin yadda ake ƙirga kwanaki har ka haddace shi.

Ga yadda ƙirgar take bambanta. A kotunan tarayya na Amurka, wanda aka miƙa wa sammaci yana da kwana 21 ya amsa. Ba a ƙirga ranar da aka miƙa masa, amma ana ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu na tsakiya. In an miƙa ranar 3 ga wata, 4 ga wata ce rana ta farko, wa'adin ya faɗo 24. In 24 ɗin ta zo a Asabar, sai ya gangara zuwa Litinin. A Ingila kuwa, in wa'adin bai wuce kwana 5 ba, Asabar da Lahadi da ranakun hutun banki ba sa cikin lissafi. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wata kotu ya auna wata da ita ya riga ya yi kuskure tun bai ɗaga biro ba.

Duk takardar da ta shigo, ta gidan waya ce, ta hannu ce ko ta imel, ka bi ta da waɗannan a ranar da ta iso. Buga mata hatimin ranar karɓa, ka rubuta lokaci da ta wace hanya ta zo. Karanta ta daga farko har ƙarshe kana neman abu guda: ta tayar da wani wa'adi? In ta tayar, buɗe dokar ka gani da idonka daga wace rana ake fara ƙirga, domin wani wa'adin daga ranar yanke hukunci yake farawa, wani daga ranar da aka miƙa muku takardar. Ƙirga a kan kalanda da yatsa, ka sake ƙirgawa daga ƙarshe zuwa farko. Shigar da ranar a kalandar ofis da kowa ke gani, ka kuma rubuta ta a littafinka, tare da lambar dokar da ka dogara da ita. Sa wa kanka tunatarwa saura mako biyu, saura mako ɗaya, saura kwana biyu. Daga nan ka kai wa lauya lissafin ya tabbatar. Ni a kalandata ranar ƙarshe ta doka da ja nake rubuta ta, ranar da za mu shigar da takarda kuma da baƙi, kwana biyu ko uku kafin jar. Injin buga takardu da intanet sun fi son lalacewa a rana ta ƙarshe, kowa a sana'ar nan ya shaida haka.

Kada ka dogara da abin da wani ya faɗa, komai girmansa. Wani fursuna a Amurka mai suna Keith Bowles, alƙali ya ba shi kwana 17 ya shigar da ɗaukaka ƙara, alhali doka kwana 14 ta yarda. Lauyansa ya shigar a rana ta 16, cikin wa'adin da alƙalin da kansa ya rubuta. A 2007 Kotun Ƙolin ƙasar, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ya makara, ba za a saurare shi ba. Hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina cikin masu ganin haka, amma darasinsa a fili yake: da wani a ofishin nan ya buɗe dokar ya gwada ta da takardar alƙali, da an shigar a rana ta 14.

Buɗe wasiƙa ma aikin ceton rai ne. Cory Maples yana jiran hukuncin kisa a jihar Alabama, lauyoyinsa biyu suka bar babban ofishin da suke aiki a New York ba su sanar da kotu ba. Da kotu ta aiko da hukunci, sashen karɓar wasiƙu na ofishin ya mayar da ambulan ɗin ba a buɗe ba, kwana 42 na ɗaukaka ƙara suka wuce. Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta sake buɗe masa hanya. Duk ranar da wani lauya ya bar ofishinku ko ya tafi dogon hutu, ka tambaya da babbar murya: wasiƙunsa da imel ɗinsa hannun wa za su koma?

Ka gina fayil don wanda bai san ka ba

Ma'aunin fayil mai kyau shi ne a ce yau ka kwanta rashin lafiya, wani ya ɗauka ya gane inda aka kwana cikin minti biyar. A bangon ciki ka manna takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen ɓangarorin, lambar ƙara, kotun, lauyan ɗaya ɓangaren, zama na gaba da abin da ake jira. Ware wasiƙu daban, takardun kotu daban, hujjoji daban, kowane kashi a jere bisa kwanan wata. Takardar asali, irin ta mallakar fili, wasiyya ko yarjejeniya mai sa hannu, ba a huda ta, ba a rubutu a kanta, ba a manna mata komai. Yi kwafi ka yi aiki da shi, asalin ka kulle, ka ba mai ita shaidar cewa kun karɓa.

A kwamfuta ka fara sunan kowace takarda da shekara, wata, rana, kamar 2024-03-07, sannan abin da ta ƙunsa. Haka za su jeru da kansu. Ka guji suna irin "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske", wata rana tsohon za a kai kotu. In hujjoji suka yi yawa, ba kowane shafi lambarsa da ba za ta maimaitu ba, abin da ake kira lambar Bates, daga sunan mutumin da ya ƙirƙiro hatimin da ke sauya lamba da kansa a ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da ya fi ɗaga darajar sabon mataimaki a idon lauya, a ganina, shi ne jerin tarihin shari'a. Layi uku ne: rana, abin da ya faru, da inda shaidarsa take. Kana cikin jera su za ka ga wasiƙar da aka ce an aika ranar 9 tana amsa wata da aka rubuta ranar 11. Irin wannan gani ne ke juya shari'a. Erin Brockovich ba lauya ba ce, ma'aikaciya ce a wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Kaliforniya. Ganin takardun asibiti a cikin fayil ɗin cinikin gida ne ya sa ta tambayi dalili, tambayar ta kai ga shari'ar gurɓata ruwan garin Hinkley da aka sasanta a 1996 a kan dala miliyan 333.

Zama da mai matsala

Wanda ya zo ofishin lauya yawanci yana cikin mawuyacin hali. Zai shigo da jaka cike da takardu a cukurkuɗe, ya fara labari daga tsakiya. Kafin ya zurfafa, karɓi cikakken sunansa da na wanda suke rikici, ka duba ko ofishinku ya taɓa tsaya wa wancan ɓangaren. In ya riga ya zazzage muku sirrinsa sannan aka gano kuna wakiltar abokin shari'arsa, an shiga matsalar da ka iya sa ofishin ya rasa duka biyun.

In hanya ta buɗe, bar shi ya yi magana ba katsewa na ɗan lokaci. Bayan nan ka koma da shi farko, a hankali: yaushe, a ina, wa ke wurin, akwai takarda? Rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, domin a gaban alƙali gani ya kori ji. Kada ka sa masa magana a baki. "Ya zage ku, ko?" tambaya ce mai ɓata shaida. "Me ya ce?" ita ce daidai. Rubuta kalmominsa yadda ya furta su, musamman in da wani harshe ya yi magana za a fassara. Tambaye shi abin da ba ya so a sani, ka bayyana masa cewa gara lauyansa ya ji a ofis da ya ji daga bakin abokin hamayya a kotu, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarshe karanta masa abin da ka rubuta ya gyara.

Kada ka yi alkawarin nasara, ko da wasa. Duk kiran waya kuma ka rubuta shi a fayil a ranar: wa ya kira, ƙarfe nawa, me aka ce. In an ba ka kuɗi, rasit nan take, kuɗin kuma su wuce inda ofis ya tanada, kada su kwana a aljihunka ko dare ɗaya. A yawancin ƙasashe kuɗin wanda ake wakilta asusunsu daban ne da na ofis, kuma haɗa su laifi ne da ke raba lauya da lasisinsa.

Baki

Sirrin da ke wuyan lauya yana wuyanka. Bai tsaya ga abin da aka faɗa ba, har zuwan mutum ofishinku sirri ne. Matarka ko mijinki, amininka, ɗan'uwan wanda kuke wakilta da ya bugo waya yana cewa shi ya biya kuɗin lauya, babu wanda ke da haƙƙin ji sai da izinin mai abin. Magana zarar bunu ce. A harabar kotu ka ɗauka duk wanda ke tsaye kusa da kai ɗan ɗaya ɓangaren ne. Kada ka ɗauki hoton teburinka ka sa a Facebook, kada ka bar fayil a kujerar mota, kada ka tashi ka bar kwamfuta a buɗe.

Yawancin fallasar yau ta hanyar na'ura take zuwa. A watan Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda kotu sun rufe wasu layuka da baƙi. 'Yan jarida suka kwafi wurin suka manna a wani shafi, rubutun ya fito tas. Shafa baƙi a kan rubutu bai goge shi ba. Yi amfani da manhajar da ke cire rubutun ɗungurungum, sannan ka gwada da kanka: kwafa, manna, ka ga ko wani abu zai fito.

Bincike da rubutu

In aka ce ka nemo hukuncin da ya goyi bayan wata magana, nemo hukuncin kansa ka karanta, kada ka tsaya a taƙaitawar wani. Duba wace kotu ce ta yanke, ko tana sama da wadda kuke gabanta, ko wata kotu ta soke shi daga baya, ko an yi wa dokar gyara. In ka ci karo da hukuncin da ke kushe matsayinku, shi za ka fara kai wa lauya. Ɓoye shi ba ya kashe shi, ɗaya ɓangaren zai zo da shi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna saurin aiki, suna kuma iya ƙaga ƙarya da fuskar gaskiya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca, saboda sun kawo hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙira, babu su a duniya. Duk hukuncin da ba ka buɗe ka gani a ingantaccen kundi ba, kada sunansa ya shiga takardarka. Bayanan wanda kuke wakilta kuma kada ka zuba su a irin waɗannan manhajoji sai ofis ya amince.

Wajen rubutu, sa amsa a layin farko, dalilai su biyo. In ka ɗauki tsohuwar takarda kana gyarawa don sabuwar shari'a, bi ta layi-layi, don sunan mutumin baya yakan maƙale a sakin layi na tara. Sunaye, lambobi da kwanan wata ka duba su daban bayan ka gama, da bugaggen kwafi a hannu. Ido yana tsallake kuskure a allo.

Kai takarda kotu

Tun kafin ka fita ka san kwafi nawa ake so, nawa ake biya, wa zai sa hannu, ko takardar rantsuwa ce da sai an rantse a gaban mai ikon rantsarwa, da ƙarfe nawa rajista, wato ofishin karɓar takardu na kotu, ke rufewa. Ka dawo da kwafinku mai hatimin kotu da rasit. In ta intanet ake shigarwa, adana saƙon da ya tabbatar an karɓa. Shigarwa rabin aiki ne, sai an miƙa wa ɗaya ɓangaren ta hanyar da doka ta yarda, an kuma ajiye shaidar miƙawar. Ma'aikatan rajista ka gaishe su, ka san sunayensu, kada ka ɗaga musu murya ko sun dawo maka da takarda sau uku. Kada kuma ka roƙi a mayar maka da kwanan wata baya, ko ka rubuta rantsuwar da mai ita bai karanta ba, ko da wanda ya fi ka ne ya sa ka. Ranar da abin ya tashi, sa hannunka za a nuna.

Ranar da ka yi kuskure

Za ka yi. Nawa ya zo ne a wata na biyar. Na rubuta imel zuwa ga wanda muke wakilta, kwamfuta ta cike mini sunan da kanta, na danna aikawa ban duba ba. Sunan farko ɗaya ne da na lauyan ɗaya ɓangaren. Na ga abin da na yi daƙiƙa kaɗan bayan ya tafi, gumi ya karyo mini, zuciyata na ce mini in yi shiru wataƙila ba zai lura ba. Na tashi da ƙyar na ƙwanƙwasa ƙofar lauyar, na ce, "Ranki ya daɗe, na yi ɓarna, ga abin da ya faru, minti uku da suka wuce." Ta ɗaga waya a gabana ta kira shi, ta nemi ya goge bai karanta ba, ta bi da wasiƙa, sannan ta sanar da wanda muke wakilta. Da na bari ya kwana, da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi amfani. Tun daga ranar, adireshi ne abu na ƙarshe da nake sawa a imel, bayan na gama rubutu na buɗe abin da na haɗa na tabbatar shi ne.

In za ka kai rahoton kuskure, faɗi abin da ya faru, yaushe, da abin da kake ganin za a iya yi. Bar dogon ba da uzuri.

Lokacinka da ci gabanka

A ofisoshin da ke cajin aiki bisa awa, ana raba awa gida goma, minti shida-shida. Tun 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a lissafa aikin mataimakin lauya a farashin kasuwa cikin kuɗin shari'a, wato lokacinka abu ne mai daraja a idon doka. Rubuta shi kana gama aikin, da bayanin da mai biya zai gane, kada ka ƙara ko minti ɗaya. Ko ofishinku ba ya caji haka, wannan rubutun ne zai nuna abin da ka iya ranar da za ka nemi ƙarin girma.

Bayan shekara guda za ka fara jin inda zuciyarka ta karkata, ko filaye, ko iyali da gado, ko kamfanoni, ko laifuka. Zurfafa a ɗaya. Nemi takardar shaidar ƙwarewa da ake girmamawa a ƙasarka, ka roƙi a riƙa tafiya da kai kotu ka ga yadda takardar da ka shirya take aiki a hannun lauya. Aikin yana da nauyi a zuciya, musamman ga mai zama da fursunoni ko matan da aka ci zarafinsu. In ka ga barci ya fara gagararka, gaya wa wanda ke kula da aikinka a rage maka kaya.

Minti goma na ƙarshen kowace rana kuma ka ware su. Buɗe kalanda ka duba kwana goma sha huɗu masu zuwa. Bi littafinka ka soke abin da ka gama, ka kwashe saura zuwa shafin gobe, mai wa'adi mafi kusa a sama. Duba ko akwai wanda ka ce za ka kira ba ka kira ba, ka kira shi ko da babu sabon labari. Mayar da kowane fayil mazauninsa, ka kulle durowar takardun asali, sannan ka kashe fitila.